Wayar Da Ban Bi Ba

Kwanana uku a Birnin Konni aka fara cutata, kuma da abin da na fi sani a duniya aka cuce ni, wato waya. Shekara goma sha ɗaya ina gyaran wayar mota a Zariya, mu da ake ce wa rewaya, har aiki ya ja baya na tsallako iyaka ina neman inda hannuna zai yi amfani. Ina jin kaina gwani. Sai ga wani mai rumfa a bakin tasha ya sayar mini da naɗi guda na waya mai kauri, jar robarta tana sheƙi, yana ta rantsuwa cewa babu irinta a garin. Da na koma gareji na yanka, sai na tarar robar ce mai ƙibar, ƙarfen ciki bai fi tsinken tsintsiya ba. Na kankare shi da wuƙa, jan ya goge, fari ya fito. Alminiyam ne aka shafa wa launin jan ƙarfe.

Washegari na koma. Rumfar tana nan, mutumin yana nan, amma ya ce bai taɓa ganina ba. Da na matsa, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ku ka kawo muna jabun daga can, yau kuma kai ka kuka?" 'Yan kabu-kabun da ke wurin suka kwashe da dariya. Na juya raina a ɓace.

Daga ranar na daina yarda da kowa. Mai garejin da ya karɓe ni ya ba ni wata matacciyar bas in riƙa kwana, ni kuwa na riƙa matashi da akwatin kayan aikina. Inna Hassi mai abinci a ƙofar gareji ta lura sau ɗaya nake cin abinci a yini, ta fara ƙara mini tsokar nama ba tare da ta ce komai ba. Har ita na zarga. Na yi mako guda ina jiran ranar da za ta fito da buƙatarta, ba ta fito da komai ba. Hausa ɗaya muke ji da mutanen garin, amma kullum ina jin kamar a gidan surukai nake. Ofis a wurinsu buro ne, firij firigo, motar daji mai ja da ƙafa huɗu kuma kat-kat. In na kira matata Hauwa ta tambaye ni yaya garin, sai in ce lafiya lau, alhali kewar tuwon masararta da miyar busasshiyar kuɓewa ta hana ni sakat.

A wata na uku, damina ta yi tsakiya, aka kawo mini aikin da har yau yake damuna.

Wani dattijon Bafillace ne daga wajen Bazaga, Baffa Jaɓɓi. Tun saukar ruwan farko 'ya'yansa suka kora garkensa arewa, can bayan Illela ta Nijar, don su nisanci gonakin mutane. Sai labari ya iso masa cewa ciwon huhu ya shiga rugagen da ke kewaye da su. Ya yi ta zirga-zirga har ya samo allurar rigakafi kwali biyu, wata ma'aikaciyar kula da dabbobi mai suna Madam Rakiya ta yarda za ta je ta yi. Sharaɗinta ɗaya: maganin ya isa da sanyinsa. In ya ɗumama ya zama ruwa, shanun kuma sai yadda Allah ya yi. Aka aro ƙaramin firigo, aka ɗauki hayar kat-kat ɗin wani direba da ake kira Dogo, aka ce ni zan haɗa wayar, in kuma bi su ko da wani abu zai taso a hanya.

Dogo bai so ni ba tun kallon farko. Yana da mai yi masa waya, wani abokinsa da ya yi tafiya a lokacin, kuma bai ɓoye cewa dole ce ta sa ya buɗe mini bonet ba. Duk tsawon aikin yana tsaye a kaina, inuwarsa a kan hannuna.

Aikin ba baƙona ba ne. Motar daji ba a jona mata firigo a batirin da ke tayar da inji, in ba haka ba wata rana za ka samu ruwan sanyi a inda babu mai tura ka. Batir na biyu ake sawa, da rile a tsakaninsu: inji yana aiki su yi caji tare, inji ya tsaya su rabu. Fis kuma a daf da kan batir ake sa shi, ba can nesa ba, don in waya ta goge ta taɓa ƙarfe, fis ɗin ya ƙone kafin motar ta ƙone. Duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata roba, a ɗaure ta tamau taki-taki, a nisanta ta da salansa, domin gargadar hanya tana cin waya kamar ɓera. Duk wannan na yi shi yadda ya kamata.

Abu ɗaya na yi wa ƙwange. Wayar kirkin da na zo da ita daga Zariya ta kusa ƙarewa, ni kuwa na rantse ba zan sake sayen waya a Konni ba. Maimakon in ja waya biyu har firigo, ta kai wuta da ta dawo da ita, sai na ja ɗaya. Ta dawowar na kankare fenti na ɗaure ta a jikin mota, kamar yadda ake yi wa motocin gari. Baƙin kan sabon batir kuma na haɗa shi da baƙin kan tsohon. A nan ne na ga wani abu. Baƙar wayar tsohon batir ba ta sauka kan ƙarfen mota a nan kusa kamar yadda aka saba ba. An naɗe ta da robar tayar keke, ta ratsa bango ta shige cikin mota. Na kai hannu zan bi ta, sai Dogo ya riƙe mini wuyan hannu.

"Wagga ba ta cikin aikinka," ya ce. "Firigo anka kira ka, ba bincike ba."

Na ce a raina, ɓarnar abokinsa yake rufewa. Na sake ta. Muka kunna firigo ya ɗauka, koriyar fitilarsa ta kama. Don in ƙona wa Dogo rai, na ɗaga murya gaban Baffa da Madam na ce, "Yanzu firigo yana da batirinsa daban. Ko me aka yi wa batirin mota, babu ruwansa." Dogo ya saurara da kyau, ya gyaɗa kai.

Zangon farko Malbaza, inda za a sa hannu a takardar Madam a ɗauki sirinji. Mai sa hannun ya fita, aka ce a jira. Dogo ya ce kowa ya sauka zai kulle mota. Na ce ni zan zauna ciki kusa da firigo.

"Ba a zama cikin motata in ba ni ciki," ya ce.

Awa uku muka yi a ƙarƙashin bishiyar bedi, rana irin ta bayan ruwa tana dafa mu. Da muka tashi, Dogo ya riga kowa isa, ya buɗe ƙofarsa, ya sunkuya kamar mai gyara tabarmar ƙafa, sannan ya buɗe mana sauran ƙofofi. Madam ta ɗaga murfin firigo ta duba ma'aunin sanyi da ƙanƙarar da aka jera wa maganin, fuskarta ta canza.

"Malam Sanusi, sanyi ya ragu. Dibi ƙanƙarar, ta hwara narkewa."

Na ciro mita na auna: wuta cike, firigo yana gurnaninsa, fitila koriya. Na girgiza kowace waya, babu mai motsi. Dogo ya tofar da yawu ta taga ya ce, "Aikin baƙo." Baffa ya gyara riƙon sandarsa.

Daga Malbaza zuwa Illela ban ga gona ko ɗaya ba, ƙeyar Dogo kawai nake kallo. Na gama yanke masa hukunci: zare filogin firigo yake yi in mun sauka, ya mayar kafin mu shiga, don sunana ya ɓaci aiki ya koma hannun abokinsa. Shi ma bai bar ni ba. A shingen jandarma har an ɗaga mana hannu mu wuce, sai ya tsaya ya ce, "Akwai baƙo ciki, ku dibi takardunai." Suka juya katina gaba da baya, suka tambaye ni sunan unguwarmu sau biyu.

Da muka isa Illela za mu yi salla mu ci abinci, kafin in sauka na naɗe filogin da salatif, na ja masa layi da biro yadda ko taɓa shi aka yi zan gane. Muka dawo bayan awa ɗaya da rabi. Layina yana nan daram, amma ƙanƙarar ta gama zama ruwa. Sai zargina ya rasa inda zai sauka, ya fara yawo. Na ce ko Madam ta sayar da maganin gaske, tana neman wanda za ta ɗora wa laifi. Na ce ko wanda ya ara mana firigon ya san mataccen abu ya ba mu. Kowa na zarga a motar nan, ban da mutum ɗaya, ni kaina.

A Illela muka kwana, maganin ya kwana a firigon buron dabbobi na garin. Ƙarami ne, ba ya yin ƙanƙara, don haka da safe muka loda kwalayen biyu babu abin da zai tare musu zafi sai aikina. Bayan asuba na lallaɓa da mita zan shiga ƙarƙashin mota, sai na tarar da Dogo zaune a kan bonet da kofin shayi.

"Mi kaka biɗa ƙalƙashin motata, Bazazzage?"

"Abin da ke kashe firigo nake nema."

"Firigo baya yake. Kai kullum gaba kaka leƙe."

Na mayar da mita aljihu. A lokacin na ɗauka rashin kunya ce kawai.

Bayan Illela kwalta ta ƙare. Muka yi ta ratsa gero da ya kai kafaɗa, daga baya gonaki suka ƙare sai tsakuwa da sabara. Da hantsi muka iso wata ƙorama da ta kawo ruwa ja wur, tana tafe da rassan itace. Rugar tana hayin can, ana hango hayaƙinta. Dogo ya shiga da ƙafa, ruwa ya kai masa ƙugu, ya dawo ya ce sai ya janye. Baffa ya naɗe rigarsa a ka, ya dogara sandarsa ya haye don ya sa 'ya'yansa su tara shanu. Madam ta ce kada wanda ya sake buɗe firigo, a bar sanyin da ke ciki. Dogo ya sauke mu ya kulle motarsa.

Madam ta shimfiɗa mayafi a gindin wata adduwa. Ni na zauna a kan dutse ina fuskantar mota don in ga ko Dogo zai matsa kusa da ita. Shi kuma ya zauna a kan wani dutsen yana fuskantata. Haka muka yi tun hantsi har azahar ta gota. Na ji daɗi a raina, na ce yau dai bai samu dama ba.

Da na idar da salla sai wani abu ya ce mini in je in saurara. Na kara kunnena a jikin mota ta baya. Firigo yakan huta ya sake tashi, don haka na jira. Na jira har ƙarfen ya fara ƙona mini kunne, shiru. Na goge ƙurar gilashi da hannun riga na leƙa. Koriyar fitilar a mace take.

Na kira Madam ta leƙa, ta juya ta daka wa Dogo tsawa ya buɗe. Ya taho da sauri, ya buɗe ƙofarsa, ya sunkuya wajen tabarmar ƙafa kamar kullum. Idona yana kan gilashin baya. Yana sunkuyawa fitilar ta kama.

Nan take baƙar wayar nan mai robar keke ta faɗo mini a rai.

"Dogo," na ce, "akwai makunnin ɓoye a motar nan."

Ya miƙe a hankali, ya tsaya tsakanina da ƙofar. "Tau. Ka samu abin da kaka biɗa tun Konni."

"Ni ba shi nake nema ba. Duk sanda ka kashe shi, kana raba batir da jikin mota. Wutar firigo ta jikin mota take dawowa. Kai kake kashe shi tun jiya."

"Ƙarya kakai. Kai da bakinka kac ce firigo na da batir nai daban. Gaban Baffa kac ce ko mi anka yi ma batirin mota babu ruwanai."

Haka kuwa na ce.

Ya dubi Madam, ya dubi firigon, muryarsa ta sauka. "Yayana, da anka amshe mai mota, wani anka turo shi yi aiki garejin da yaka kai ta. Sati guda yay yi, ya san komi nata, sannan 'yan hwashi sunka tare shi bisa hanya. Mu direbobin daji dud muna da irin wanga makunni, kuma ba a gwada ma kowa. Matata ba ta san inda yake ba. Sai ga baƙo daga hayi, ran farko hannunai bisa wayar. Kai mi za ka ɗauka?"

Na san abin da ni zan ɗauka. Na ce masa ba na son ganin makunnin, ya bar abinsa inda yake. Waya nake so mai tsawon gaba biyu, ta kirki. Ya hau rufin mota, ya kwance wayar manyan fitilunsa huɗu da yake ji da su, ya miƙo mini. Na cire ta dawowar firigo daga jikin mota, na ja sabuwar kai tsaye har baƙin kan batir. Ya sunkuya ya kashe abinsa ina juya masa baya, fitila ta ci gaba da ci. Aikin bai kai minti goma ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau.

Madam ta buɗe firigon ta daɗe a kansa. Kwalin ƙasa yana da sauran sanyi. Na sama, wanda ke daf da murfi, ta ɗora shi a kumatunta, ta sake duba ma'auni, ta ajiye shi gefe. Na roƙe ta a gwada, ko Allah zai sa ya yi.

"In na yi musu wanga, ruwa niy yi musu," ta ce. "Kuma Baffa shi tahi shina ganin an yi. Ba ni yin haka."

Ruwa ya janye bayan la'asar muka haye. An tara shanun a wani fili, jajaye da farare, ƙaho ya cika wuri. Madam ce ta gaya wa Baffa cewa maganin da ya rage rabin garke kawai zai isa. Ni da Dogo muna tsaye a bayanta, kowa kansa a ƙasa. Na shirya wa zagi, har na fi son a zage ni. Dattijon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, bai tambayi laifin wane ne ba. Ya ce, "Tau, a hwara kahin rana ta hwaɗi."

Ya shiga cikin garken da kansa. Yana kiran kowace saniya da sunanta tana ɗago kai. Masu ciki da karsana da bijimi ɗaya ya tura wajen Madam. Sauran, yawanci tsofaffin da suka daɗe suna ciyar da gidan, yakan dafa goshinsu ya ɗan tsaya, sannan ya nuna mana gefe. Ni da Dogo muka riƙa jan su zuwa can. Matarsa tana tsaye bakin bukka da ƙwarya a hannu, ba ta matso ba. Da aka gama ta kawo mana nono, ni aka fara miƙa wa saboda ni ne baƙo. Na sunkuyar da kai na sha.

Na ƙara wata biyar a Konni. Dogo ya riƙa kawo mini motarsa, yana kuma turo abokansa, amma ba mu taɓa tayar da zancen ba. Tun daga lokacin ba na taɓa motar daji sai na bi kowace waya har ƙarshenta, ko in ce wa mai ita ya gaya mini me ke can, ko da ba zai nuna mini ba. Duk abin da na jona kuma waya biyu nake ja masa.

Bayan an gama girbi, wata ranar kasuwa na fita sayen salatif, sai na ji an ce, "Ɗan Zazzau." Baffa Jaɓɓi ne, ya rame, yana tafe a gefen amalanken jaki da aka lafta wa busassun fatun shanu. Ya kama hannuna da hannu biyu. Ya tambaye ni aiki, ya tambaye ni baƙunta, ya tambayi mutanen gida ko suna lafiya, ko na samu na leƙa su. Ina ta amsawa da lafiya lau, idona a kan fatar da ke sama, fara mai ɗigon baƙi a wuya. Na gane ta. Ni na riƙe igiyarta ran nan na ja ta gefe.